Hancin Mahamman Mahauci

A layin mahauta na babbar kasuwar Garwa babu wanda bai san Mahamman ba, kuma duk wanda ya san shi, da hanci ya san shi. Ba wai hancin ya fi na kowa girma ba ne, aikinsa ne ya fita daban. Idan aka sauke cinyar saniya a kan teburinsa, kafin ya taɓa wuƙa sai ya sunkuya ya shaƙa, ya ce wannan dabbar ta sha allura kafin a yanka ta, ko ya ce wannan yankan jiya ne, a mayar wa mai shi. Wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar, hancin ma can ya samo shi. Mata masu dafa abincin sayarwa sukan wuce tebura da yawa su zo nasa, don sun san abin da ya wuce ta gaban hancin Mahamman ba zai kunyata su a tukunya ba.

Wata safiya, ana gab da shiga zafi, yana dawowa daga mayanka a bayan ɗan moto, wato mai babur ɗin haya, sai wata akuya ta faɗo titi kusa da gadar kogin Binuwai. Ɗan moton ya kauce mata, ƙafar baya ta zame a yashi, Mahamman ya faɗi ta baya, ƙeyarsa ta bugi kwalta. Ya kwana biyu a asibiti, aka ɗinke wurin, aka ce ƙashi bai fashe ba. 'Yan'uwa da abokan sana'a suka yi ta zuwa barka da arziki. Shi ma ya gode wa Allah, ya ɗauka magana ta ƙare.

Ranar da aka sallame shi, matarsa Hamida ta share ɗaki ta yi turaren wuta, ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka wadda ta sha daddawa da man shanu, abin da ya fi so a duniya. Ya shigo ya ga hayaƙin turaren yana tashi daga kasko, yana lanƙwasa har rufin ɗaki. Ya ja numfashi. Babu komai. Ya sake ja. Iska ta shiga ta fito kamar ya shaƙi cikin sabon kwano. Ya kai loma baki, ya ji gishiri, ya ji yaji yana cizon harshe, ya ji santsin kuka, amma miyar kanta ba ta nan.

"Baban Karimatu, ko miyar ba ta yi ba?" in ji Hamida, ganin ya tsaya da loma a hannu.

"Ta yi mana. Mura ce take son kama ni."

Mura ba ta zo ba. Washegari ya shiga bayi da sabulu ya kanga a hanci, ya buɗe kwalbar kananzir, ya murza ganyen albasa a tafin hannu. Duk ɗaya. Ya yi shiru da bakinsa, ya ce wa ransa kumburi ne, in ya saɓe zai dawo.

Da ya koma aiki ne abin ya fi dukansa. Mayanka wuri ne da ko makaho ya doso ya san inda ya zo, ga ƙarnin jini, ga warin tumbi da ake wankewa, ga ƙaurin gashi daga inda ake babbakar kai da ƙafa. Mahamman ya tsaya a tsakiyar wannan duka, yana ganin ƙudaje, yana jin kukan shanu, amma iskar wurin da ta ɗakin kwanansa babu bambanci. Da ma bai taɓa lura cewa kowace unguwa ta Garwa da irin iskarta ba. Bakin kogi da ƙarnin kifi da danshin laka. Hanyar Yelwa da yamma da hayaƙin gasasshen kifi. Inuwar dogon yaro idan ya yi fure. Yanzu garin ya zame masa kamar wanda ake kallo ta bayan gilashin mota, ana ganin komai, ba a taɓa komai.

Bai daina sunkuyawa a kan nama ba. Kullum sai ya duƙa ya ja hanci kamar yadda ya saba, ya gyaɗa kai, alhali idonsa ne da yatsunsa suke aikin. Yana duba launi, yana danna tsoka ya ga ko za ta taso. Ya rame, don abinci ya zama masa aiki. Ya koma mai saurin fushi, har 'yarsa Karimatu ta daina kawo masa labarin makaranta.

Sai zafin Afrilu ya sauka, irin wanda kwalta take laushi a ƙarƙashin takalmi. Wani dare aka ɗauke wuta a unguwar kasuwa, aka dawo da ita kafin gari ya waye, ba wanda ya gaya masa. Da safe ya buɗe firizar da yake ajiye ragowar nama, ya taɓa ya ji da sanyi, launi bai canza sosai ba. Ya sunkuya ya shaƙa don idon mutane, ya yanka ya auna wa Madam Cécile.

Madam Cécile 'yar dutsen wajen garin Gidar ce, Kirista, tana da ɗan gidan abinci kusa da tashar motocin Marwa. Ta fi shekara goma tana sayen nama wurinsa. Hausarta ta kasuwa ce, tana yi tana tsoma Faransanci da Fillanci, amma ba ta taɓa rasa abin faɗa ba. Kafin azahar sai ga ta ta dawo da leda a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zagayo bayan tebur inda ba mai ji, ta buɗe ledar a gabansa.

"Malam Mahamman, sansana wannan."

Ya duƙa ya sansana. Ya ɗago yana neman amsa a fuskarta. Ta kawar da kai tana toshe hanci da bakin gyale, ƙudaje kuma sun riga sun taru. Nan ya gane.

"Tun a moto na fara ji," in ji ta. "Na ce kai, ba dai naman Mahamman ba. Da wani ne, da yanzu duk kasuwa ta ji muryata. Amma kai na ga ka sa hanci da idona. Me ya same ka?"

Ya zauna a kan benci. Ya gaya mata komai, tun daga gadar Binuwai. Yana magana yana kallon ƙasa, yana tunanin da ta dafa naman nan mutane sun ci, matafiya da yara.

"Mon Dieu," ta ce a hankali. "Shi ne ka yi shiru har yau? Kai wane irin mutum ne? Ciwo ai ba sata ba ne. Akwai likitar hanci da kunne a lopital, asibitin da ƙanwata take aiki, Dakta Viviane. Gobe ka je. Wannan kuma ka zubar da shi duka, kar ka bar ko tsoka."

Ya kwashe abin da ke cikin firizar ya kai bola da kansa. Da yamma ya zaunar da Hamida zai yi mata bayani, bai kai ƙarshe ba ta tare shi.

"Na sani, Baban Karimatu."

"Kin sani?"

"Shinkafa ta kama min a tukunya ran nan, ƙauri ya cika gida har maƙwabta suna leƙowa, kana zaune a tsakar gida ba ka ce uffan ba. Kai da ko wake ya fara kamu kana zaure sai ka ƙwala min kira. Na zuba ido ne in ga ranar da za ka gaya min da bakinka."

Ya ji kunya, amma ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa.

Dakta Viviane mace ce mai sanyin magana. Ta haska cikin hancinsa, ta duba tabon ƙeyarsa, ta yi masa bayani da Fillanci, inda ya gagara ma'aikacin jinya ya juya da Hausa. Ta ce akwai wasu jijiyoyi sirara kamar zare da suke kai saƙo daga hanci zuwa ƙwaƙwalwa, buguwar kai takan tsinka su ko ta ji musu rauni. Wani lokaci sukan sake tohowa, wani lokaci ba sa yi. Ba ta yi masa alkawari ba. Ta ce ya samu abubuwa masu ƙarfin ƙamshi da ya sani tun yana yaro, ya riƙa sansana su safe da yamma, yana tuna yadda suke, ko da bai ji komai ba.

Hamida ta zuba masa kanumfari a ƙaramin gwangwani, citta a wani, ɓawon lemun tsami a wani. Kullum bayan sallar asuba da bayan la'asar sai ya zauna a kan tabarma yana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, ido a rufe. Yana jin kansa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da mutanensa suka tashi.

A kasuwa kuwa sai ya tafi wurin Abubakar Siddiƙ, maƙwabcin teburinsa, dattijon da ya girme shi, wanda suka yi shekaru suna takara a kan masu saye. Ya gaya masa gaskiya. Dattijon ya dube shi ya ce, "To ai shi ke nan, ƙanena. Ni ido ya fara yi mini gardama, ma'auni ma sai na matso. Ka zama idona, in zama hancinka." Daga ranar duk naman da zai hau teburin Mahamman sai ya bi ta gaban hancin Abubakar Siddiƙ. Labari ya bazu a layin, an ɗan yi tsegumi, wasu masu saye suka janye, Madam Cécile kuwa ba ta fasa zuwa ba ko rana ɗaya.

Wata rana da rana tsaka, ciniki ya lafa, suna zaune a inuwar rumfa suna shan shayi, sai gardama ta tashi a kan iska. Abubakar Siddiƙ ne ya tsokano ta.

"Ni fa ina ganin kai ka fi mu sanin gaskiya yanzu," ya ce wa Mahamman. "Iska ba ta da wari, ba ta da ƙamshi. 'Yar dako ce. Ta bi ta kan bola ta ɗauko, ta bi ta kan mai turare ta ɗauko. Ita kanta ba ta da nata. Kai ne kake shaƙar tsantsarta."

"Ban yarda ba," in ji Madam Cécile, wadda ta tsaya jiran a sara mata ƙashi. "Ka hau dutsenmu da sassafe bayan an yi ruwa. Babu bola, babu turare, babu ko tukunya a wuta. Amma iskar tana da ɗanɗano, har a harshe kake jin ta, kamar ruwan randa sabuwa."

"Wannan ƙasa ce da ciyawa kike ji, Madam, ba iska ba."

"To wa ya taɓa raba su? Ka taɓa ganin iska ita kaɗai?"

Suka juyo ga mai ciwon su biyun. Mahamman ya juya kofin shayinsa, wanda a bakinsa ruwan zafi ne da sukari kawai.

"Yaya, mai yiwuwa kai ke da gaskiya," ya ce. "Amma in wannan ce tsantsar iska, ba na yi wa maƙiyina fatan ya zauna a cikinta. Da bolar da turaren duka, a dawo mini da su, ba zan zaɓa ba."

Madam Cécile ta karɓi ƙashinta ta tafi.

Ruwan farko ya sauka a Garwa. Yara suka fita suna ihu, Hamida ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa, "Kai, ƙamshin ƙasa!" sai ta tuna, ta yi shiru. Shi ma ya fito ya tsaya ruwan yana dukan fuskarsa, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika. Sanyi kawai ya ji. A ranar ya kusa watsar da gwangwanayen. Hamida ce ta ajiye su a gabansa washegari, ya ɗauka don kar ya ɓata mata rai. Damina ta yi nisa, Binuwai ta cika ta tumbatsa, gero ya fitar da kai a gonaki. Mahamman ya fara sabawa. Ya koyi cin abinci don yaji da tsami da taushi. Ya daina sunkuyawa a kan nama, don ya gaji da yi wa kansa ƙarya.

Da kaka ta kama, sai ya tafi kasuwar Gidar duba wasu shanu da wani dillali ya yi masa magana a kansu. Ba su daidaita ba, ya juyo hannu wofi. Ya samu ƙaramar motar haya mai komawa Garwa, an cusa mutane kamar buhuna, shi aka ba shi kujerar baya kusa da wani manomi ɗan dutse mai suna Fabien, wanda ya tura wani baƙin bunsuru ɗaure a ƙarƙashin kujera, don saman motar ya cika da kaya. Tun kafin a bar tasha fasinjoji suka fara ƙorafi. Wata mata ta rufe fuska da mayafi tana cewa wannan ai zalunci ne. Wani saurayi ya leƙa da kansa ta taga. Fabien yana ta ba da haƙuri, yana cewa kai shi zai yi wurin surukinsa. Mahamman ne kaɗai yake zaune lafiya, har ya ce wa manomin ya miƙe ƙafa ta wajensa, shi ba abin da ya dame shi.

Sun wuce Figil, rana ta buɗe, motar ta ɗauki zafi, sai ya ji wani abu ya taɓa shi can cikin hanci, sama, kusa da tsakanin idanu. Da farko kamar ƙaurin tsohuwar taya. Ya ɗauka jiri ne. Ya gyara zama, abin ya ɓace. Bunsurun ya motsa ya yi atishawa a ƙarƙashin kujera, abin ya sake dawowa, wannan karon da kauri, da ɗaci, da wani maiƙo-maiƙo da ya sani tun yana bin mahaifinsa turke.

Hamami. Hamamin bunsuru.

Mahamman ya ƙame. Ya ji tsoron ya motsa kar abin ya gudu. A hankali ya sunkuya, ya tura kansa tsakanin gwiwoyinsa har gemunsa ya kusa taɓa ƙahon dabbar, ya ja numfashi mai tsawo. Warin ya doke shi har idonsa ya kawo ruwa.

"Alhaji, lafiya?" in ji Fabien a tsorace. "Amai ne? Direba, tsaya!"

"Kar ya tsaya!" Mahamman ya ɗago, hawaye na bin kumatunsa, yana dariya. "Bawan Allah, bunsurunka wari yake yi!"

"Ai tun Gidar muke faɗa!" in ji matar mai mayafi.

"Wari yake yi, wallahi! Kai, bai da daɗi ko kaɗan! Alhamdu lillahi!"

Mutane suka fara matsawa daga kusa da shi, suna zaton taɓin hankali ne. Sai da ya share fuska ya ba su labari tun daga faɗuwar moto. Motar ta kaure da barka, da Hausa da Fillanci da Faransanci. Matar mai mayafi ta zaro kwalbar turare daga jakarta ta miƙo masa ta kan kujeru. Ya sansana, bai ji komai ba. Wani ya ɓare lemu ya ba shi ɓawon, nan ma shiru, sai wani ɗan abu can nesa da bai tabbatar ba. Ya koma ga bunsurun. Yana nan daram.

"Wannan kaɗai," ya ce. "Amma yana nan."

Kafin su iso Pitowa ya riga ya shawo kan Fabien ya sayar masa da dabbar. Manomin ya ce surukin ai ba wannan bunsurun ya sani ba, zai saya masa wani a Garwa, mai ɗan dama-dama a hanci.

Daga tasha Mahamman bai nufi gida ba, asibiti ya wuce da bunsurun a igiya, ya ɗaure shi a bakin ƙofa wurin mai gadi. Ya yi sa'a Dakta Viviane ba ta tashi ba. Ta saurare shi tana murmushi, ta ce alama ce mai kyau ƙwarai, jijiyoyin sun fara farkawa. Ta gargaɗe shi cewa zai daɗe yana jin abubuwa a karkace, abu mai daɗi ya zo masa da wari, kuma ba lalle komai ya dawo yadda yake da ba. Ta ce ya ci gaba da abin da yake yi. Ya ce ko rabi aka ba shi ya gode.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya tura ƙofar gida yana jan igiya. Hamida tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago, ta dubi mijinta, ta dubi abin da yake ja, ta toshe hanci.

"Baban Karimatu, shanu ka tafi dubawa. Mene ne wannan? Ka fitar min da shi, gidan duk ya ɗauka!"

"Ya ɗauka ƙwarai," in ji shi. "Tun daga zaure nake ji."

Rariyar ta tsaya a hannunta. Ta dube shi da kyau, ta ga yadda fuskarsa take, sai ta ajiye rariyar a kan faifai, ta sa bakin zane ta rufe ido. Karimatu ta fito daga ɗaki da gudu tana tambayar me ya faru, uwar ta nuna mata uban da hannu.

Da ta samu kanta, ta share ido ta ce, "Allah mun gode maka. Amma fa ka ji, wannan abin ba zai kwana kusa da ɗakina ba."

"Bayan gida zan ɗaure shi, gindin mangwaro."

"Kuma yaushe za a yanka shi?"

"Wannan? Ba wuƙar da za ta taɓa shi."

Ya ja bunsurun zuwa gindin mangwaro, ya kafa masa turke, ya zuba masa dusa da ruwa. Sannan ya koma ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa ɗan nesa kaɗan, ta inda iska take busowa daga wajen dabbar, ya zauna ya miƙe ƙafafu. Hamida ta leƙo ta taga ta gan shi, ta girgiza kai tana dariya, ta ce wa Karimatu ta kai wa babanta abincinsa can, tunda ya samu abokin hira.